Jikin da ya huce ba tare da sauƙi ba: nazarin lamarin wata yarinya mai tamowa a Maradi

A ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, abin da iyaye suka fi tsoro shi ne zafin jiki. Uwa takan ɗora bayan hannunta a goshin ɗanta sau da yawa cikin dare. In ta ji zafi ta taso hankali tashe, in ta ji sanyi ta yi hamdala ta koma ta kishingiɗa. Mu da muke aikin jinya a ɗakin, sanyin ne ya fi hana mu barci. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, in jikinsa ya huce, galibi jikin ne da kansa ya rage ɗumin da yake samarwa, bisa saƙon da wasu sinadarai na cikin jini suke kai wa ƙwaƙwalwa cewa abinci ya ƙare. Waɗannan sinadarai su ne homon ɗin yunwa da ƙoshi. Na rubuta lamarin wata yarinya da muka yi jinya a nan Maradi cikin watan Janairu don a ga yadda abin yake tafiya a jikin mutum guda, daga shigowarta har sallama. Na sakaya sunanta da na ƙauyensu.

Yadda ta zo

Yarinyar tana da wata 16, daga wani ƙauye na yankin Madarunfa. Uwarta ta samu ciki tana goyo, sai aka yaye ta farat ɗaya tana da shekara guda, aka kai ta wurin kakarta ta wajen uba, kamar yadda aka saba. Mutanenmu sun ɗauka nonon mai ciki yana lalata yaro, alhali a likitance mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da cikinta. Daga nono sai ta koma kan kunun gero tsararo da fura. Gero kam akwai shi a gidan, domin ba a fi wata uku da gama girbi ba. Wannan ya kamata a lura da shi, saboda ana yawan haɗa tamowa da watannin da rumbu ya yi ƙasa, alhali ruwan kunu yana cika ɗan ƙaramin ciki ba tare da ya ba shi mai da furotin da sauran abin da jiki ke ginuwa da su ba. Haka ta yi ta ramewa a hankali har wata huɗu. Daga baya zawo ya kama ta na kusan mako biyu, ga tari, ga miki a baki, ta daina karɓar komai.

Kakar ta goya ta bayan sallar asuba, suka hau kabu-kabu zuwa likitar da ke kusa da su, daga can aka turo su wurinmu. Wanda ya san hunturun Maradi ya san irin iskar da ke kaɗawa a wannan sa'a, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ga gudun babur yana ƙara mata kaifi. Zane ɗaya ne a jikin yarinyar, kuma zawo ya jiƙa shi tun a hanya. Kanta babu hula.

Da muka kwance goyon, ba ta yi kuka ba. Idonta a buɗe amma ba ya bin kowa. Fatar cinyoyinta ta yi yaushi ta tattare, haƙarƙarinta a fili, tafin ƙafarta sanyi ƙalau, cikinta ma da ya kamata a ji ɗumi babu. Nauyinta kilo 5.9, tsawonta santimita 72, inda yarinya mai wannan tsawo ya kamata ta haura kilo 8. Igiyar awon damtse ta tsaya a ja, milimita 104, kuma duk abin da ya gaza 115 tamowa ce mai tsanani. Ƙafafunta ba su kumbura ba. Ma'aunin zafi da muka sa a hammatarta ya nuna digiri 34.6. Sukarin jininta miligiram 47 a desilita. Numfashinta yana sauri, ƙirjinta yana lotsawa in ta ja iska. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba.

Na ce wa kakar, "Inna, tun yaushe jikinta ya yi sanyi haka?"

Ta ce, "Ɗiyata, ai kwana ukku ke nan da masassarar ta sake ta. Da jikin zafi zau, yanzu ko ya lafa, mun gode Allah. Abinci ne kaɗai ta ƙiya, ko hura ba ta sha."

Ba ta faɗi komai ba sai abin da ta gani da abin da aka koya mata tun tana yarinya. Amma masassarar ba sakin ta ta yi ba. Ciwon huhun yana nan daram, jikin ne ya kasa ci gaba da yin zazzaɓi, domin zazzaɓi ma aiki ne mai cin ƙarfi.

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani, matakin farko shi ne faɗuwar sukarin jini, na biyu kuma sanyin jiki. Ana ɗaukar yaro ya shiga haɗari in zafin hammata ya gaza digiri 35, ko sukari ya gaza miligiram 54. Yarinyar ta faɗa cikin duka biyun, kuma haɗuwarsu a jikin mai tamowa kusan kullum alamar ƙwayar cuta ce a ɓoye. Muka narka sukari a ruwa, mililita 50 mai kashi 10 cikin ɗari, muka zura mata ta siririyar robar da aka sa ta hanci zuwa ciki, tunda ba ta iya haɗiya da kyau. Muka cire jiƙaƙƙen zanen, muka goge ta da busasshen ƙyalle ba tare da wanka ba, muka sa mata hula da safa. Sai muka roƙi kakar ta kwance rigarta, muka kwantar da yarinyar a ƙirjinta fata da fata, muka lulluɓe su biyun da bargo. Likita ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka fara nan take. Cikin rabin sa'a aka soma ba ta madarar jinya ta F-75, mililita 65 duk bayan sa'a biyu, dare da rana.

Kakar ta nemi a kawo mata kaskon garwashi ta gasa ta. Muka lallashe ta da cewa a'a. Fatar irin wannan yaro ba ta da kaurin da za ta jure wuta, ba ta da ƙarfin janye ƙafa in ta ji ƙuna, kuma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a jin warinta. Ɗumin jikin mutum ya fi, don ba ya wuce digiri 37 kuma ba ya mutuwa cikin dare. Zuwa azahar ma'auni ya kai 35.8, da magariba 36.5.

Abin da ke gudana a ciki

Duk ɗumin jikin mutum daga abinci yake. Hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka suna ƙona abin da aka ci, ɗumin da ya fito jini ya zagaya da shi. Mai kula da wannan lissafi wani ɗan sashe ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, wanda nauyinsa bai wuce giram 4 ba. A gabansa akwai jijiyoyin da ke lura da zafin jini suna riƙe shi kusa da digiri 37. Ɗan nesa kaɗan, a sashen guda, akwai wasu jijiyoyin da ke kula da yunwa da ƙoshi. Maƙwabta ne, kuma suna magana da juna, domin ba za a yanke shawarar yawan ɗumin da za a kashe ba sai an san abin da ya rage a ajiye.

Mai kawo labarin ajiyar shi ne wani homon mai suna leftin. Ƙwayoyin kitse ne ke fitar da shi, gwargwadon yawan kitsen da mutum yake da shi. Labarin gano shi ya faro ne daga wasu ɓeraye da aka lura da su a ɗakin binciken Jackson a Amurka a 1949, masu ci babu ƙoshi har su ninka ƴan uwansu ƙiba. Wani abin mamaki game da su shi ne, duk da tulin kitsen nan, jikinsu ya fi na sauran sanyi kuma ba sa jure ɗari. Sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano cewa ɓerayen ba sa iya yin leftin ne. Ƙwaƙwalwarsu ba ta samun labarin kitsen, don haka ta ɗauka yunwa ake, ta ƙara musu ci ta kuma rage musu ɗumi. Da aka yi musu allurar leftin, cin ya ragu, zafin jikin ya hau.

Misali ɗaya da nakan ba iyaye shi ne na maigida da rumbunsa. Ba kullum yake leƙa rumbun ba, yaro yake aikawa. In yaron ya dawo ya ce hatsi ya kusa ƙasa, maigida zai rage awon da ake fitarwa, a jingine duk wata hidima da za ta iya jira, ko da kuwa cikin gida za a ji jiki. Leftin shi ne ɗan aiken. A jikin yarinyarmu kitsen ƙarƙashin fata ya ƙare, don haka saƙon da ke isa ƙwaƙwalwarta shi ne babu komai. Leftin kuma ba ya jiran kitse ya narke kafin ya faɗi. Kwana ɗaya ko biyu ba ci ya isa ya sauke shi sosai, ita kuwa ta kwana uku ba ta haɗiyi abin kirki ba.

In leftin ya faɗi, jijiyoyin yunwa na haifotalamus suna farkawa, daga nan umarni ya fita ta hanyoyi da dama. Hanya ɗaya ta bi ta halittar tayirod da ke wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Homon ɗinta mai suna T3 shi ne ke saita saurin ƙona abinci a kusan kowace ƙwayar jiki, kuma cikin yunwa yana raguwa. Wata hanyar ta bi ta jijiyoyin da ke zaburar da bugun zuciya da wani irin kitse mai ruwan ƙasa, wanda aikinsa ƙona mai don samar da ɗumi kawai. Jarirai sun fi kowa shi, a tsakanin kafaɗu da gefen wuya, kuma a 2009 aka tabbatar manya ma suna da sauransa. In zaburarwar ta ragu, wannan kitse ya yi shiru. A 1996 Rexford Ahima, ɗan asalin Gana, tare da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka hana ɓera abinci amma aka ci gaba da ba shi leftin, faɗuwar homon ɗin tayirod ba ta kai yadda ta saba ba. Wato faɗuwar leftin ɗin ita kanta ce umarnin. Daga baya masu bincike a Jami'ar Columbia suka ga makamancin haka a jikin mutanen da suka rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu: T3 da yawan ƙarfin da jiki ke kashewa sun sauka, da aka mayar musu da leftin zuwa matsayinsa na da sai suka farfaɗo.

Homon na biyu bayan leftin shi ne girelin, wanda tumbi ke fitarwa in ya zama wayam. Masayasu Kojima da Kenji Kangawa ne suka gano shi a Japan a 1999. Yana hawa kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayan an ci, shi ya sa aka fi saninsa da homon ɗin yunwa. Amma aikinsa bai tsaya ga sa mutum neman abinci ba. Jijiyoyin da faɗuwar leftin ke tayarwa, hawan girelin ma su yake zuga. A gwajin dabbobi yana rage zaburar kitse mai ruwan ƙasa, kuma ɓeran da ke cikin yunwa in aka ƙara masa girelin jikinsa yana ƙara yin sanyi, ya shiga wani irin dogon suma na tattalin ƙarfi. Yana kuma taimakawa wajen riƙe sukarin jini kada ya faɗi warwas, ta hanyar homon ɗin girma. Duk aikinsa tattali ne: a nemo abinci, a rage kashewa, a tsare wa ƙwaƙwalwa sukarinta.

Mutum ba ɓera ba ne, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci. Ɓera ƙarami ne, yana zubar da ɗumi da sauri, don haka Allah ya hore masa dabarar sauke zafin jikinsa ƙasa ƙwarai ya kuma farka lafiya. Mutum ba shi da wannan. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila sun samu yara biyu ƴan dangi ɗaya da aka haifa ba sa yin leftin. Suna da ci marar iyaka da ƙiba mai yawa, amma zafin jikinsu bai faɗi irin na ɓerayen ba. Ke nan a jikin ɗan Adam rashin leftin shi kaɗai ba ya kawo sanyin da muka gani. Sai ya haɗu da ainihin ƙarewar abin ƙonawa. Shaidar wannan ta fito tun kafin a san sunan leftin ko girelin, a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Samari 36 ne suka yarda aka rage musu abinci na wata shida har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu ke kashewa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, bugun zuciyarsu ya rage sauri, suka riƙa neman bargo da tsakar rani. Mai azumi ma yakan ɗanɗani kaɗan daga wannan, in la'asar ta yi ya ji tafin hannunsa ya yi sanyi.

To in haka ya samu ƙarti majiya ƙarfi, ina ga yarinya mai kilo 6 ba cikakke ba? Fatar ƙaramin yaro tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa, kansa kuma babba ne, ta nan ɗumi yake tsiyayewa. Kitsen da zai tare shi ya tafi. Tsokar da za ta yi makyarkyata ta samar da zafi ta zube. Ɗan sukarin da hanta ke ajiyewa ya ƙare. A saman wannan kuma ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin a rage. Iskar babur da jiƙaƙƙen zane sun zo ne suka tarar da jikin da ya riga ya sallama.

A ɗakinmu ba a auna leftin ko girelin, kuma jinyar ba ta jiran wannan awo. Amma an auna su a jikin yara irin wannan. Binciken da aka yi a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, wanda aka wallafa a 2014, ya samu yara masu tamowa mai tsanani da leftin da insulin (homon da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki) a ƙasa, girelin da kotizol (homon da jiki ke fitarwa in yana cikin wahala) a sama. Abin da ya fi jan hankali shi ne, cikin duk abin da aka auna, ƙarancin leftin ne ya fi nuna yaron da ke cikin haɗarin mutuwa. Wani bincike a Kenya ya sake samun alaƙar ƙarancin leftin da mutuwar yara bayan an sallame su. A fahimtata, wannan yana gaya mana cewa ɗan kitsen da ya rage a jikin yaro shi ne tazarar da ke tsakaninsa da halaka. Leftin kuma yana da hannu a ƙarfin garkuwar jiki, don haka yaron da nasa ya ƙare ga sanyi ga rashin mai tare masa cuta.

Akwai tambayar da sababbin ma'aikata kan yi, kuma tana da kyau. In girelin ya yi yawa haka, me ya sa yarinyar ta ƙi abinci? Binciken Kampala ya ga cewa wasu homon na hanji masu kashe sha'awar ci su ma sun hau, ga kuma sinadaran da jiki ke fitarwa in yana yaƙi da cuta, waɗanda suke toshe ci. Kiran yunwa yana nan, amma an danne shi. Shi ya sa ƙin cin abinci a wurin mai tamowa yake cikin alamomin da ke sa a kwantar da yaro, kuma dawowar ci take zama albishir na farko.

Dare na biyu

Da yammacin rana ta biyu ta fara kurɓar madara da ƙaramin kofi, sai aka riƙa miƙa wa kakar rabon kowane lokaci ta ba ta. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, da aka zo awo, ma'auni ya nuna 35.2. Ta zame daga ƙirjin kakar ta koma gefen katifa, ƙyallen da ke ƙarƙashinta ya jiƙe da fitsari, hular ta faɗi. A ƙarƙashin gado ga kofin madarar ƙarfe biyu cike, ba a taɓa ba.

Kakar ta ce, "Ɗiyata, ki yi mini aikin gafara. Na ga barci ya ɗauke ta, kwana nawa ba ta runtsa ba, sai na ji tausayin tashinta."

Na ce, "Inna, ba laifi kika yi ba, tausayi ne. Amma ita yanzu madarar nan ce ke ɗumama ta. In ta tsallake guda, jikin ba shi da wani abin da zai ƙona. Ko tana barci ki kira mu, sai mu ba ta ta roba."

Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe bargon bai isa ba."

Bai isa ba kam. Bargo ba ya samar da zafi, tsare wanda jiki ya fitar kawai yake yi. Yaro mai lafiya in ka lulluɓe shi zai yi gumi, wannan kuwa ɗan abin da take fitarwa bai kai ya cika ƙarƙashin bargon ba. Dole ɗumi ya zo mata daga waje, ta fatar wani, kuma ya zo daga ciki, ta abinci. Narkar da abinci shi kansa yana tayar da zafin jiki, kuma tun farkon shekarun 1970 aikin da aka yi kan yara masu tamowa a Jamaika ya nuna cewa sanyin jikinsu yana tafiya da ƙarancin abin da suka ci, ciyarwa akai-akai kuma tana tare shi. Wannan ne dalilin da ya sa ciyarwar dare ba ta da sassauci. Sa'o'in da ke gabanin asuba su ne lokacin da zafin jikin kowa yake sauka, iskar waje ta fi sanyi, masu jinya sun gaji, kuma tazara daga abincin ƙarshe ta fi tsawo. A irin wannan lokaci muka fi rasa yara.

Aka canza ƙyallen, aka ba ta madara ta roba, aka mayar da ita ƙirjin kakar aka ɗaure su da zane don kada ta sake zamewa. Kafin ƙarfe bakwai ta koma 36.4. Daga wannan dare kakar ce ke tashin maƙwabtanta na gado in lokacin madara ya yi.

Wani zai ce, tunda abinci ne maganin, me ya hana a cika ta da shi tun ranar farko? Saboda tattalin nan bai tsaya kan ɗumi ba. Zuciya ta ƙanƙance, hanta da ƙoda sun rage aiki, gishirin cikin ƙwayoyin jiki ya birkice. In aka antaya abinci mai nauyi, insulin zai yi tsalle ya janye ma'adinan fotasiyam da fosfet daga jini, zuciyar kuma ta kasa ɗauka. F-75 an haɗa ta ne da kalori 75 a kowane mililita 100, furotin da gishiri kaɗan, don ta riƙe rai ba tare da ta ɗora wa jiki kaya ba. Ba a sa ran yaro ya ƙara nauyi a kanta. Ko maganin ƙarin jini ba a bayarwa a wannan mataki.

A rana ta huɗu numfashinta ya daidaita, zawon ya ragu, aka cire robar hanci. A ta biyar ta kama kofi da hannunta tana kuka in ya ƙare. Zafin jikinta ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.2 ko da an sauke ta daga ƙirji na ɗan lokaci da rana, alamar jikin ya koma samar da nasa. Irin wannan juyi ne binciken Kampala ya gani a jini bayan an fara ciyarwa: leftin da insulin suna hawa, girelin da kotizol suna sauka. Sai aka gwada ta da abincin gyaɗa na leda, wanda mata ke kira biskit, mai giram 92 da kalori 500, ta cinye abin da ake buƙata. A rana ta tara aka sallame ta zuwa karɓar magani daga gida, tana zuwa awo kowane mako a likitar yankinsu. Cikin mako na bakwai damtsenta ya kai milimita 126.

Jahar Maradi ta daɗe da sanin wannan ciwo. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a nan jahar, kuma tun daga lokacin aka samu ci gaba na gaske wajen jinya daga gida da koya wa iyaye mata awon damtse da kansu. Abin da nake ganin bai shiga kunnen jama'a ba tukuna shi ne maganar zafin jiki. Yaro mai tamowa ya rasa ikon riƙe zafinsa ta kowane ɓangare, jikinsa yana bin yanayin da yake ciki. A watan Afrilu, da rana ke haura digiri 40, irin wannan yaro ne za a kawo jikinsa zafi zau ba tare da wata sabuwar cuta ba, ɗakin kwano ne kawai ya gasa shi, kuma abin da yake buƙata inuwa ne da jiƙaƙƙen ƙyalle. A Disamba da Janairu kuma abin ya juya. Don haka hannun uwa a goshi, da ya saba faɗa mata gaskiya, a nan yana iya yaudararta.

Mafi munin sa'o'in da yarinyar nan ta shiga sun wuce ne a kan hanya, kafin kowa cikinmu ya gan ta, kuma abin da zai rage musu muni yana cikin kowane gida. Yaron da ya rame, ya ƙi ci, jikinsa ya yi sanyi, kafin a ɗora shi a babur a narka sukari cikin ƙaramin cokali a ruwa mai tsabta cokali babba uku da rabi a ba shi, in yana iya haɗiya. In yana shan nono a ba shi nono. A cire duk abin da ya jiƙe, kada a yi masa wanka, a rufe kansa. A ɗauke shi a gaba, fatarsa a jikin fatar mai ɗaukarsa, a sa riga da zane a kansu su biyun, maimakon goyon baya inda iska ke dukansa kuma ba a ganin fuskarsa. In tafiyar za ta wuce sa'a biyu, a riƙe sauran ruwan sukarin a ƙara masa a hanya. Ma'aikacin da zai rubuta takardar turawa shi ma ya auna zafin ya rubuta a kai, ya kuma ba da kashin farko na maganin ƙwayoyin cuta kafin su tashi, ko da yaron ba shi da masassara.